Na Ɗaure Ƙafafun Motar Mahaifina, Dangi Sun Ce Sai Na Kwance

Tonton Rigobert,

Kai da kake amsa wasiƙun masu damuwa, don Allah ka taimake ni da magana. Kwana goma sha biyu suka rage mini kafin taron dangi, kuma duk wanda na tunkara da zancen nan a Dschang, ko ɗan'uwa ne ko fasinja, ya riga ya zaɓi ɓangarensa. Amma bari in gaya maka tun yanzu, ban rubuto don a ce mini in ba da haƙuri ba. Haƙuri na ba da shi har ya ƙare. So nake wanda ya san mota ya saurare ni.

Ni mace ce, shekarata talatin da tara, 'ya'yana uku. Tun da na haifi tagwaye sunana na yanka ya ɓace, kowa Magne yake kirana, wato uwar tagwaye, har mijina. Shi malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali, ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Ni kuwa tuƙi ne sana'ata. Ina ɗaukar fasinja da kaya daga Dschang, in sauka gangaren dutse zuwa Santchou, in hawo, sau biyu a rana, ranar kasuwa sau uku. Ka san hanyar, ba sai na faɗa maka yadda kwanoninta suke ba.

Motar ta mahaifina ce, Pa'a Zebaze. Shekara talatin da huɗu ya yi a kan wannan hanya, bai taɓa taka ko akuya ba. Wannan ce motarsa ta uku, doguwa mai faɗin baya, ta girmi tagwayena nesa ba kusa ba. Mu shida ya haifa, ni kaɗai na gado shi a son ƙarfe. Babbanmu, Yaya Achille, yana Douala yana aikin ofis, shi warin fetur ma tashin zuciya yake sa shi.

Shekara biyu da suka wuce Pa'a ya faɗi a tsakar gida yana wanke fuska. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Yana ji, yana ganewa sarai, amma kalma guda sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Motar ta yi wata huɗu a gindin bishiyar fiya, kaji suna ƙwai a kujerar baya, ba wanda ya waiwaye ta. Ni na cire makulli daga ƙusar da yake rataye, na je na yi takardun haya, na shiga layi a tasha tsakanin maza arba'in. Ba'ar da na sha ba ta faɗuwa. Kullum da safe sai wani ya leƙo ta taga ya ce, "Magne, wa kika bar wa tukunya a wuta?" In ce, "Matarka, ai ita ba ta da wani aikin." Haka muka yi ta yi har suka gaji suka saba da ni.

To ga inda matsalar ta faro. Pa'a mutum ne mai son mota mai laushi. Matan kasuwar da suka saba da shi da sun shiga sai barci, sai an iso a tashe su. Ni kuwa tun ranar farko na ji ba ta yi mini ba. In ta shiga kwana sai ta kwanta gefe guda kamar kwale-kwalen da aka tara wa kaya a baki ɗaya. In ta hau tudu ta sauka sai ta yi ta lilo sau uku sau huɗu kafin ta natsu. Na yi wa wasu direbobi zancen, suka ce hannun mace ne, mota ba ta da laifi.

A watan Maris, safiyar da ruwan farko ya sauka, na ɗauko mutum bakwai da buhun dankali biyar, ga kabeji a saman mota. Mun wuce Foréké, muka zo wata kwana mai karyewa hagu kamar gwiwar hannu. Na karya sitiyari, motar ta kwanta yadda ta saba, sai kawai na ji bayanta ya sulale ya zo yana neman wuce gabanta. Muka juya. Da muka tsaya, hancin motar yana kallon inda muka fito, tayar baya ɗaya tana kan ciyawar bakin rami, ina jin ƙasa tana zubewa a ƙarƙashinta. Ma'a Pauline mai kabeji tana zaune a bayana, rungume da jikarta 'yar wata takwas. Ba ta yi ihu ba. Abin da ta ce kawai, "Magne, buɗe mana ƙofa ta wancan gefen." Na fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Wani mai babbar mota ya tsaya ya janye mu. Ba wanda ya ji ciwo. Ni dai sai da na zauna a kan dutse kusan awa guda kafin in koma sitiyari. Sauran fasinjan baƙi ne masu wucewa, Ma'a Pauline kuma na roƙe ta ta rufa mini asiri, ta rufa. A gida ban faɗa wa kowa ba. Na san ranar da suka ji, ranar za a karɓe makulli.

Washegari na kai ta garejin Tsafack, bakaniken da ake ce wa Dokta. Ya danna bayan motar da hannu ɗaya ya saki, ta yi ta rawa ita kaɗai. Ya kwance shokazoba huɗun, ya matsa guda da yatsa biyu, ta shige ba gardama. Ya ce, "Magne, waɗannan sun mutu tun kafin a yi wa tagwayenki baftisma. Tsoho da sanin hanya yake tuƙa ta, ba da waɗannan ba." Ya sa sababbi, ya canza robobin ƙafa da suka tsattsage. Na gwada, ta gyaru sosai, ba zan yi ƙarya ba. Amma da sauran 'yar kwanciya a kwana, ni kuwa ko yaya ta karkata sai in ga ramin nan a gabana. Na koma na ce ya ƙara. Ya sa mata sifirin ɗin wata mota mai nauyi a baya. Na ce ya ƙara. Ya sa sanda mai kauri, irin wadda ke haɗa ƙafafun baya biyu. Na sake komawa. Ya ajiye sifana ya dube ni ya ce, "Ke, mota kike so ko bencin coci?" Na ce benci, in dai ba zai kai ni rami ba. Sai ya yanko roba daga tsohuwar tayar tirela ya cuccusa a tsakanin zobban sifirin, gaba da baya, yana ƙunƙuni yana cewa kada in kuskura in ce shi ya ba ni shawara.

Tonton, ranar da na fara sauka da ita bayan wannan aiki, ban san lokacin da na kama waƙa ba. Inda na nuna mata nan take bi. Ba kwanciya, ba lilo, ba wannan jan numfashin da take yi kafin ta amsa sitiyari. Ina jin kwalta a tafin hannuna. Na zo kwanar nan tawa, na shige ta na fita, gabana bai faɗi ba. Tun da na fara tuƙi, ranar na fara jin ni ce da motar, ba aro aka ba ni ba.

Sai dai kuma ta yi tauri. Wannan ban musa ba. Ko murfin kwalba ta taka sai ka ji shi a ƙashin bayanka. 'Yan tasha suka raɗa mata suna Turmi. Mai kiran fasinja sai ya ɗaga murya, "Santchou, Santchou! Saura mutum biyu a fara daka!" Wata mai ƙwai ta shiga da kiret goma, kafin mu isa rabi ya zama na suya, ta bi ni da zagi har bakin kasuwa. Yawancin tsofaffin matan da Pa'a ya bar mini sun koma wasu motoci. Ma'a Pauline ba ta koma ba, ita ta san dalili, filo kawai take zuwa da shi ta zauna a kai. Ɗaliban jami'a kuma, masu son gudu, har jirana suke. Duk wannan bai dame ni ba. Wanda ya fi son barci a mota ya je ya yi, ni dai ba zan sake tsayawa ina fitar da jaririya ta ƙofa ɗaya ba.

Abin da ya dame ni Pa'a ne. Kowace Alhamis ni nake ɗaukarsa daga ƙauye zuwa asibiti, inda ake motsa masa hannu da ƙafa. Kilomita tara ne na jar ƙasa kafin a hau kwalta. Da can ranar Alhamis ita ce ranar farin cikinsa. Ya sa hularsa, ya zauna a gaba, ya sauke gilashi yana ɗaga wa mutane hannun hagu. Alhamis ta farko bayan aikin, muna faɗawa ramin farko na ji ya yi nishi. Ya dube ni, ya dubi ƙasan motar, ya ɗora tafinsa a kan allon gaba kamar mai jin zazzaɓin yaro. Na rage gudu har masu tafiya a ƙasa suna wuce mu, duk da haka yana cije leɓe. Sati na uku Ma'a, mahaifiyata, ta ce kwana biyu bai iya kwanciya a kan ƙugunsa ba. Alhamis ta huɗu na zo ɗaukarsa, ya riƙe hannun kujerarsa ya ƙi tashi. Yau sati uku ke nan bai je asibiti ba. Na ce zan nemo masa wata mota, ya girgiza kai. Shi ba ya shiga motar wani, bai taɓa ba. Ma'a ta kira Yaya Achille a waya.

Asabar da ta wuce aka yi bikin tunawa da rasuwar kakarmu, irin namu na rawa da ciye-ciye, dangi suka zo daga Douala da Yaoundé, kowa cikin anko. An gama rawa, ana cin gwaza da miyar manja, sai Yaya Achille ya miƙe a gaban kowa, har da surukai. Ya ce, "Magne, motar nan taki ce ko ta Pa'a? Wa ya ba ki izini ki mai da ita amalanke? Mutum yana fama da jikinsa, kina girgiza shi kamar buhun wake." Na ce, "Yaya, wata huɗu ta yi a gindin fiya kaji suna ƙyanƙyasa a ciki. A lokacin ba ka tuna ta Pa'a ce ba?" Ya ce an gaya masa har tsere nake yi da samari a gangare. Na ce wanda ya gaya masa ya fito ya maimaita a gabana. Kawu Momo, ƙanin Pa'a, ya ce in yi shiru yayana yana magana. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na tashi na zazzage musu duka: ruwan, kwanar, tayar da ke bakin rami, jaririyar. Na ce wannan motar mai laushi da kuke kuka a kanta saura taku ɗaya ta kashe mutum tara, kuma ba ɗayanku da ke ciki.

Ma'a ta ɗora hannu a ka. Sai muka ji Pa'a yana buga sandarsa a ƙasa. Kowa ya juya. Ya daɗe yana fama da bakinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ce, "Giya... nawa?"

Ba wanda ya gane tambayar sai ni: giyar motar da na shiga kwanar da ita yake nufi. Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce, "Uku, Pa'a." Ya rufe ido. Ya ɗaga yatsa biyu na hannun hagu ya nuna mini, sannan ya juya fuskarsa bango. Tun ranar bai sake kallona ba.

Dattawa suka yanke cewa kafin taron ƙarshen wata in mai da motar yadda take, ko in miƙa makulli ga Yaya Achille, wanda ya riga ya samo wani mutum da zai riƙa tuƙa ta. Kowa ya ɗauka Yaya Achille ne zai gaji kujerar Pa'a ta shugabancin gida, shi ya sa ba mai musa masa.

To ni ba zan mayar ba, kuma ba zan miƙa ba. E, da giya uku na shiga kwanar, na yarda. Amma shokazoba matattu ba ni na kashe su ba. Shekara biyu ni nake ciyar da gidan nan da wannan sitiyari, ni nake ɗaga Pa'a in sa shi a mota, ni nake wanke masa ƙafa. Wanda ke zuwa sau biyu a shekara da burodi a leda ba zai koya mini tausayin ubana ba. Kuma ba su ne za su sauka dutsen nan gobe da safe ba.

Tunda ba ka san fuskata ba, bari in ƙara maka abu biyu da ban faɗa wa kowa ba. Gangaren da nake sauka a minti ashirin da takwas, yanzu a sha tara nake sauka, kuma ina duba agogo, ina jin daɗi. Na biyu, sati biyu da suka wuce, ba kaya sosai, a wata kwana ta can ƙasa inda kwalta ta yi kunya-kunya, bayan motar ya yi tsalle ya matsa gefe kamar taƙi ɗaya, sannan ya kama. Ban san me ya kawo haka ba. Mijina da na tambaye shi ra'ayinsa a kan rigimar, cewa ya yi, "Yi abin da zai sa ki riƙa dawowa gida." Har yanzu ban gane ɓangaren wa yake ba.

Ka gaya mini yadda zan tsaya a gaban mutanen nan ban sunkuya ba. Kuma in akwai yadda zan sa tsohon nan ya sake kallona, ka faɗa mini.

Magne mai Turmi, Dschang

*

Magne,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Shekara talatin na yi ina koya wa mutane tuƙi da duba lafiyar motoci kafin in zauna ina amsa wasiƙu, don haka da mota zan fara, sannan mu zo kan mutane.

Kin yi daidai da kika je gareji. Motar da aka danna ta yi ta lilo ita kaɗai ba laushi gare ta ba, ciwo gare ta. Shokazoba ita ke danne taya a kan kwalta. In ta mutu, taya tana taɓa ƙasa tana saki, ga kaya a sama, ga ruwan farko mai fito da santsin mai da ya kwanta a hanya duk rani. Direbobin da suka ce hannun mace ne, hannunki ya ji abin da nasu bai ji ba. Duk wanda ya ce ki mayar da motar yadda take a watan Maris, ki ce masa a'a, ki ce ni na ce.

Amma gyaran ya ƙare ne a zuwanki na farko wurin Dokta. Sauran zuwa ukun ba mota kika kai gyara ba, tsoronki kika kai, shi kuwa ba a ɗaure shi da sifana. Ban ga laifinki ba, wanda ya ga abin da kika gani dole ya tsorata. Sai dai ki san abin da kika saya. Mota mai tauri tana da daɗin hannu a kan kwalta mai sumul. A hanya mai gargada kuwa, ƙafar da ba ta iya lanƙwasa ba ta bin ƙasa, tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Ga shi duk nauyin aikin a baya aka yi shi, sifirin mai ƙarfi da sanda mai kauri. In baya ya fi gaba tauri, baya ne ke fara kuɓucewa a kwana, musamman in ba kaya. Taƙin nan da kika ji ta matsa, amsarsa ke nan. Kuma ga bambancin da ya fi ba ni tsoro: motar da ke kwanciya tana yi miki gargaɗi kafin ta saki hanya, wannan ba za ta yi miki ba. Ki haɗa wannan da minti tara da kika rage. Ciwon da kika gudu shi kika sake ginawa, sai dai wannan karon da gudu.

Ga abin da za ki yi cikin satin nan, ba don dangi ba. A cire robobin tayar nan gaba ɗaya, ba su da gurbi a cikin sifirin, suna iya fita ko su karya shi. A sauke sandar baya mai kauri a mayar da ta asali. Sifirin ɗin baya a nemo wanda aka yi domin irin motarki in tana ɗaukar kaya, ba na wata mota ba. Sababbin shokazoba da robobin ƙafa su zauna daram. A yi saitin ƙafafu, a duba tayoyi da iskarsu, kaya masu nauyi su riƙa zama a ƙasa, kabeji ya sauko daga saman mota gwargwadon iko. Za ta ɗan karkata a kwana. Ki bar ta, wannan karkatar magana take yi miki. Agogon kuma ki juya masa baya. Ba a ba kowa kyauta a Santchou don ya riga wani isowa.

Yanzu mahaifinki. Ke kin ji tambayarsa kamar mari. Ni ba haka na ji ta ba. A tsakar gidan nan kowa yana magana a kan wa ke da iko da mota da wa ya raina wa. Mutum ɗaya ne ya yi miki tambayar da direba ke yi wa direba, kuma kin san abin da kalma biyu ke ci masa. Bai ce ki ajiye makulli ba. Gyara ya yi miki. Juya fuskarsa kuwa, ki tuna a lokaci guda ya ji cewa 'yarsa ta kusa mutuwa, a motarsa, da ƙafafun da shi ya bari suka lalace, kuma an ɓoye masa wata da watanni sai a gaban surukai. Ba fushi kaɗai ke sa dattijo ya kalli bango ba.

Kada ki jira taro. Da an gama gyaran, ki je wurinsa ke kaɗai, ba Ma'a, ba kowa. Ki nemi gafararsa a kan abu biyu: ciwon da kika ji masa, da ɓoyewar da kika yi. Kada ki nemi gafara a kan tuƙi, ba laifi ba ne. Ki gaya masa abin da aka cire da abin da aka bari, ki fito da shi ya danna motar da hannunsa. Sati uku ba asibiti ya yi yawa ga mai irin ciwonsa, wannan ya fi duk rigimarku gaggawa. In ya samu sauƙin zama, wata rana ki sa shi a gaba ku sauka dutsen ku biyu a hankali, ya nuna miki da yatsa inda yake rage gudu da inda yake canza giya. Dokta ya faɗa miki da sanin hanya tsoho yake tuƙi. Shekara talatin da huɗu na wannan sani suna zaune a kujera a ƙauyenku, ba a sayar da su a gareji.

Yayanki ya yi kuskure da ya tsayar da ke a gaban jama'a, kuma nesa ta sa yana ganin abu rabi-rabi. Amma uwa ce ta kira shi tana kuka cewa ubansa ba ya iya kwanciya. Ke ma da haka za ki zo. Ki kira shi kafin taro, ki gaya masa abin da kika gyara da dalili, cikin murya irin ta mai ba da labari, ba mai neman izini ba. Zancen burodi a leda ki bar shi a nan wurina. A wurin taron kuma ki roƙi dattawa abu ɗaya: tunda mai motar yana da rai kuma yana cikin hankalinsa, a tambaye shi wa yake so ya tuƙa ta. Ko da sanda zai amsa, ya amsa. Gadon kujera daban, sitiyari daban. Ba zan yi miki alkawarin abin da zai ce ba, amma ki je masa da motar da zai iya zama a ciki.

Kin tambaye ni yadda za ki tsaya ba ki sunkuya ba. Wanda ya gyara kuskurensa da kansa kafin a tilasta masa bai sunkuya wa kowa ba. Ki shiga taron nan kina cewa: ga abin da na yi daidai, ba zan warware shi ba, ga inda na wuce gona da iri, na riga na gyara, aikina kuwa ina nan a kansa. Mijinki kuma ki daina neman ɓangarensa, ya riga ya faɗa miki. Yana ɓangaren yara uku da ke jiran ƙarar motarki da yamma.

Ki riƙe makullinki, 'yata. Allah ya ba Pa'a lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya sauke ki dutsen nan lafiya ya kuma hawo da ke lafiya, ke da duk wanda ya ba ki amanar ransa.

Tonton Rigobert